Yadda Za a Buɗe Rajistar Lafiyar Dattawa a Unguwa, a Kuma Ci Moriyarta

A watan Afrilun 2020, da mace-mace suka yi yawa a birnin Kano, masu haƙar kabari ne suka fara ɗaga murya. Tawagar da gwamnatin tarayya ta turo ma littattafan maƙabartu ta bi ta yi ƙirga, sannan ta tambayi iyalan mamata yadda jinyar ta kasance. A watan Yuni, ministan lafiya na wancan lokaci, Dakta Osagie Ehanire, ya sanar cewa mutum 979 aka lissafa a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, akasarinsu sun haura shekara 65, fiye da rabi kuma a gida suka cika. Wato sai da dattawan suka kwanta dama sannan aka zo lissafinsu.

Ba a Kano kaɗai abin ya tsaya ba, haka aka gina tsarin tattara bayanan lafiya. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Babban binciken lafiyar iyali da ake yi a ƙasar nan duk bayan 'yan shekaru, mata 'yan shekara 15 zuwa 49 yake yi wa tambayoyi, maza kuma 15 zuwa 59. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara kan hawan jini da suga da danginsu kan tsaya a shekara 69. Mai ciki tana da katin awo, jariri yana da katin rigakafi, Hajiyar da ke ɗakin ƙurya kuwa ba ta da komai sai ledar magunguna.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin ƙoshin lafiya, a 2021 ɗin kuma Najeriya ta amince da manufarta ta ƙasa kan tsofaffi. Abin da zai fi yi mana amfani a unguwa shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauka: ba a auna lafiyar tsoho da yawan cututtukan da ke jikinsa, da abin da har yanzu yake iya yi wa kansa ake auna ta. Dattijo mai hawan jini da ke shan maganinsa, yake takawa masallaci, yake buɗe rumfarsa a Kurmi, ya fi lafiya a kan wanda ba a taɓa samunsa da wata cuta ba amma rabonsa da zaure tun bara. A kan wannan ma'auni za a gina rajistar, kuma ƙungiyar unguwa ko kwamitin masallaci za su iya riƙe ta, matuƙar da ma'aikacin lafiya a tare da su.

Mataki na farko: neman izini da haɗa ma'aikata

A fara da mai unguwa, daga nan limami, daga nan shugaban ƙaramin asibitin da ke kula da mazaɓar. Kada a tsallake na ukun. Shi zai koya wa 'yan sa-kai awo, wurinsa za a riƙa tura mutane, shi ne kuma mahaɗarku da kwamitin ci gaban mazaɓa. Idan asibitin bai yarda zai karɓi waɗanda za a turo ba, a dakata tukuna. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tun ranar sanarwa a faɗa ƙarara cewa ba rabon kuɗi ba ne, ba kuma rajistar tallafi ba ce. In ba a faɗa ba, 'yan shekara 45 za su cika littafin, ranar da aka gane babu komai kuma a rufe muku ƙofa. Kowace tawaga ta zama mace da namiji, domin gidajen da ba a shiga sun fi yawa a cikin gari, kuma a nan tsofaffi mata suke. Matan da suka yi aikin rigakafin shan-inna sun san kowane lungu, a nemi shawararsu.

Kayan aikin ba su da yawa: littattafai biyu masu kwali, na'urar awon jini ta damtse mai batir, sikeli, tef ɗin tela, kujera mai tsayin da aka saba wadda ba ta da hannu, da waya mai agogo.

Mataki na biyu: ƙidaya gida-gida, da rigimar shekaru

A bi gida-gida, kada a kafa tebur a ƙofar masallaci a ce an gama. Wanda ya iya zuwa masallaci shi ne mai dama-dama. Wanda ake nema yana kwance a ciki. A kowane gida a tambaya ko akwai wanda ya kai shekara 60, a kuma ƙara da cewa, “Akwai tsohuwa ko tsohon da ba ya fitowa?” Sau da yawa sai an yi tambaya ta biyun ake tunawa da gwaggon da aka ɗauko daga ƙauye.

Nan ake cin karo da matsalar da ta fi kowace ɓata rajista. Ka tambayi dattijo shekarunsa, zai ce sittin, ko saba'in, ko ɗari ba biyu. Ranar haihuwar da ke kan katin ɗan ƙasa ma sau da yawa kintace ce. Maganin abin shi ne kalandar tarihi, a rubuta ta a bangon littafin, kowace tawaga ta haddace. Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. An samu mulkin kai a 1960, an naɗa Sarki Ado Bayero a 1963, an kashe Sardauna a Janairun 1966. An ƙirƙiri jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna, yaƙin basasa ya ƙare a 1970. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka bar fam da sule aka koma naira a 1973. An kashe Murtala a Fabrairun 1976, rikicin Maitatsine a Disambar 1980, Malam Aminu Kano ya rasu a 1983.

Ba a tambayar mutum shekarar da aka haife shi, ana tambayarsa inda yake a rayuwa lokacin da abin ya faru. “Baba, da aka kashe Sardauna ka yi wayo? Ka fara azumi?” “Hajiya, da aka canza kuɗi kina gidan miji ko kina gida?” Wanda ya ce yana goye lokacin da aka kashe Sardauna, haihuwarsa ba ta wuce 1964 zuwa 1965 ba. Ga mata, shekarun babban ɗansu kan taimaka ƙwarai, sai dai a tuna da kunyar ɗan fari: ba za ta kama sunansa ba, wata ma ba za ta amsa ba, don haka a tambayi suruka ko wata a gidan. A rubuta shekarar haihuwa maimakon yawan shekaru, don kada a riƙa gyara kowace shekara, a sa alama a gefe ko daga takarda aka samo ko kintace ne.

Mataki na uku: abin da za a tambaya

Kowane dattijo shafi guda, ranakun ziyara a jere daga sama zuwa ƙasa. “Ya jiki?” gaisuwa ce, amsarta kuma “Alhamdulillahi” ko da mutum bai runtsa ba daren jiya. Tambayar da za ta shiga rajista dole ta kama wani aiki takamaimai. Salla ta fi komai sauƙin kamawa, tun da kowa ya san yadda yake yin ta: a tsaye, ko a zaune a ƙasa, ko a kan kujera, kuma tun yaushe aka koma hakan. Sai alwala da wanka, tsugunno a bayan gida da tashi daga shi, sa tufafi, cin abinci da taunawa, riƙe fitsari, da fita waje. A gaban kowanne a rubuta 2 idan yana yi da kansa, 1 idan sai da taimako, 0 idan ba ya iyawa. A ƙara tambaya uku: ya faɗi a cikin shekara gudan nan? Wa ke kwana kusa da shi? Wa ke sayen maganinsa?

Bayan haka sai gajeren gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 a tsarinta mai suna ICOPE, wanda ke duba abu shida. Ba ya bukatar likita, kuma ba ya tabbatar da cuta. Aikinsa ya nuna wanda ya kamata a duba sosai.

Ƙwaƙwalwa: a faɗa masa kalmomi uku da ba su da alaƙa da juna, misali fure, ƙofa, shinkafa, ya maimaita. A tambaye shi yau wace rana ce, kuma ina yake yanzu, sannan a nemi ya sake kawo kalmomin nan uku. Idan ya ce yau Talata, goma ga Rajab, ya ci. Rashin sanin watan Bature ba ruɗewa ba ce.

Ƙarfin ƙafa: a jingina kujera da bango, ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya miƙe ya zauna sau 5 ba tare da dafawa ba. Wanda bai kammala cikin daƙiƙa 14 ba, a sa masa alama. Kada a yi da kujera 'yar tsugunno, ko saurayi sai ta ba shi aiki. Mutum ɗaya ya tsaya kusa, wanda kuma yake jin jiri ko tsoro kada a matsa masa.

Abinci: ya rage cin abinci? Ya rame fiye da kilo 3 cikin wata 3 ba da niyya ba? Tun da yawanci ba a taɓa auna su ba, a karon farko a tambaya ko zobe ko wando ya yi yawa. Wanda ba ya iya hawa sikeli, a zagaya tef a inda sha-raɓarsa ta fi kauri. Ƙasa da santimita 31 alama ce ta zubewar tsoka.

Gani da ji: yana gane fuskar mai shigowa daga bakin ƙofa? Yana iya karatun Alƙur'ani ko sa zare a allura kamar da? Don ji, a tsaya bayansa da tazarar hannu, ya toshe kunne ɗaya, a raɗa kalmomi huɗu ɗaya bayan ɗaya yana maimaitawa, sannan a juya ɗaya kunnen. A kashe rediyo, a kori yara tukuna.

Na shida shi ne damuwa, kuma shi 'yan sa-kai suka fi son tsallakewa. A jira sai ɗakin ya rage mutane. “Hajiya, a mako biyun nan kina jin ranki na yawan ɓaci, ko zuciya ta yi miki nauyi? Hirar jikoki da sauraren rediyo har yanzu suna miki daɗi?” Wadda ta fita takaba kwanan nan, da wanda ya bar kasuwa ko aiki ya dawo zaman gida, a saurare su da kyau.

Mataki na huɗu: awon jini da ledar magani

Awon da aka yi wa mutum yana shigowa daga rana da goro a baki ba awo ba ne. Ya zauna ya huta minti 5, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai ƙirji, a cire hannun riga mai kauri. Ya kasance bai ci goro ko shan taba ba cikin rabin awa, ba ya jin fitsari, kuma ba a hira lokacin awon. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta lambobin yadda suka fito. Idan na'ura ta ce 147 bisa 92, haka za a rubuta, ba “ya ɗan hau” ba. Sai an samu 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu daban-daban ake maganar hawan jini, ma'aikacin lafiya ne kuma zai tabbatar.

Gwajin suga a bar wa wanda aka horar, da sabuwar allura ga kowane mutum. A rubuta ko an karya ko ba a karya ba, domin iyakar da ke nuna suga ya hau ta bambanta: 7.0 kafin karyawa, 11.1 a kowane lokaci. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, a nan lambobin su ne 126 da 200.

Daga nan a ce a fito da leda, duk abin da ake sha: na asibiti, haɗin kemis, jiƙe-jiƙe, har na maƙwabciya da aka ce ya yi mata aiki. A rubuta sunayen daga jikin kwali. A lura musamman da magungunan ciwon gwiwa irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda yawan shansu kan taɓa ƙoda da ciki, ya kuma ɗaga jini. A tambaya yaushe rabon da a sha maganin hawan jini, domin da yawa kan ajiye shi da zarar kai ya daina ciwo. Ɗan sa-kai ba ya ba da magani, ba ya hana sha. Rubutawa yake yi ya kai gaba.

Mataki na biyar: turawa asibiti da bin sawu

Akwai abubuwan da idan an gani ake rufe littafi a nemo adaidaita sahu: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta mutu, magana ta sarƙe, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, ruɗewar da ta zo farat ɗaya, fitsari ya ƙi fita, ko an faɗi an kasa taka ƙafa. Waɗannan na manyan asibitoci ne irin su Murtala, Nassarawa ko Malam Aminu Kano, karaya kuma akwai asibitin ƙashi na Dala. Awon da ya kai 180 bisa 110, ma'aikacin lafiya ya gani a ranar ko da mutum ya ce garau yake.

Sauran a ba su 'yar takarda zuwa ƙaramin asibiti, ɗauke da lambar mutum da abin da aka gani. Matsalar ido kada a bar ta a kan “tsufa ne”: yanar ido ana cire ta da aiki a dawo gani, ga asibitin ido na ECWA da na Makkah a gari. A kuma tambayi shugaban asibitin ko dattijon zai iya shiga tsarin marasa ƙarfi na hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA.

A kowane shafi a ware gurbi biyu: an je, ko ba a je ba, da dalili. A ganina wannan gurbi ya fi duk sauran daraja. Kuɗin mota ne, ko babu mai rakiya, ko an je layi ya yi tsawo, ko maigida bai yarda ba? Kowane dalili maganinsa daban.

Mataki na shida: komawa

Awo ɗaya ba ya faɗin komai sai an samu na biyu an kwatanta. Kilo 58 ba labari ba ne. 58 bayan 63 shi ne labari. Haka wanda ya sauko daga salla a tsaye zuwa kujera tsakanin ziyara biyu. Mai hawan jini ko suga a leƙa shi duk wata, sikeli duk wata uku, cikakken gwaji sau ɗaya ko biyu a shekara, da kuma duk lokacin da aka sallamo mutum daga asibiti ko ya faɗi. A sa ziyara ɗaya a Sha'aban, don masu suga da masu ciwon ƙoda su ga likita kafin azumi, wata kuma a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, tsofaffi kuma ba su cika jin ƙishirwa da wuri ba.

Wanda ya rasu kada a yage shafinsa. A rubuta rana, a gida ko a asibiti, da abin da iyali suka gani a kwanakin ƙarshe, bayan an yi ta'aziyya an bar kwanaki sun wuce. Wanda ya tashi daga unguwa a rubuta ya tashi.

Mataki na bakwai: haɗa lissafi

Duk wata uku a zauna a fitar da alƙaluma kaɗan: nawa aka ƙidaya, nawa aka gani, cikin masu hawan jini nawa ke shan magani, nawa awonsu ya sauko ƙasa da 140 bisa 90, nawa suka faɗi, nawa suka rasa wani aikin da suke yi da kansu a baya, cikin waɗanda aka tura nawa suka je. Kowanne a raba shi maza da mata, a kuma raba 60 zuwa 69, 70 zuwa 79, 80 zuwa sama. Idan aka cure su wuri guda, ƙarfin 'yan sittin zai rufe halin da 'yan tamanin ke ciki.

A kula da abin da ake rabawa da shi. A ce an ƙidaya 120, an auna 80, an samu 32 jininsu ya hau. Lissafin 32 cikin 80 ne, kashi 40 cikin ɗari, ba 32 cikin 120 ba. Sannan a tambaya su waye 40 ɗin da ba a gani ba: suna kasuwa ne saboda ƙarfinsu, ko an hana shiga ne saboda jiki ya yi tsanani? Kuma a unguwa guda lambobi ƙanana ne. Idan faɗuwa ta tashi daga 2 zuwa 4, kada a ce ta ninka a tayar da hankali; a je a ga mutum huɗun, a ga inda suka faɗi. Idan uku a bayan gida ne, maganin ƙarfen dafawa ne da fitila da masai na zama. Idan a lungu guda ne mai buɗaɗɗiyar kwata, wannan takardar kansila ce.

Jimillar a kai wa shugaban asibiti da mai unguwa, a karanta ta a taron kwamitin mazaɓa. Asibitin yana aika rahoton wata-wata zuwa ƙaramar hukuma, inda ake shigar da shi manhajar DHIS2 ta tattara bayanan lafiya ta ƙasa, don haka a roƙi mai rajistarsu ya riƙa rubuta shekarun duk dattijon da kuka turo, kada ya tsaya a “babba”.

Sirri, waya, da wanda zai gaji littafin

Dalilin littattafai biyu ke nan: ɗaya na sunaye da adireshi da lambar da aka ba kowa, yana kulle a wurin mutum ɗaya, ɗayan na awo, lamba kawai ke kansa. A nemi yardar dattijon da kansa kafin a rubuta komai, ba ta ɗansa kaɗai ba, wanda ya ƙi kuma a gode masa a wuce. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu bukatar tsaro na musamman, amma ko babu doka kowa ya san abin da kalmar “ya ruɗe” za ta iya haifarwa a gidan da ake jan rigimar gado. Kada a ɗauki hoton shafi a tura zauren WhatsApp. Lokacin zaɓe za a zo neman jerin sunaye da sunan rabon kaya. Jimilla ake bayarwa, ba suna ba.

Masu son aiki da waya akwai manhajar cike fom mai suna KoboToolbox, ana cike ta ko babu sabis, a tura daga baya. Ni dai shawarata a yi zagaye biyu a takarda tukuna, sai tambayoyin sun zauna an san waɗanda ba sa aiki.

'Yan sa-kai kan tafi: wata ta yi aure, wani ya samu makaranta ko ya tafi bautar ƙasa. Don haka kowane lungu ya zama mutum biyu ne suka san shi, kuma kada mai tafiya ya tafi sai ya zagaya da magajinsa gida-gida ya gabatar da shi. A ware ɗan kuɗin batir daga asusun ƙungiya, domin batir mai rauni kan sa na'ura ta ƙi aiki a tsakiyar zagaye. Duk wata shida a kai na'urar asibiti a gwada ta da tasu a hannun mutum guda. Idan suka saɓa da yawa, a ajiye ta har a samu wata.